Yadda Ake Gano Matsalar Canjin Giya a Motar A-kori-kura Mai Giyar Otomatik a Lokacin Sanyi

Daga watan Disamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da hunturu ya kankama, masu motocin a-kori-kura irin su Hilux, Tacoma, Tundra, Navara da F-150 sukan kai wa bakanike kuka kusan iri ɗaya. Wani zai ce ya sa giya da safe motar ta tsaya cak na ɗan lokaci kafin ta ɗauka, wani ya ce tana maƙalewa a giya ta biyu injin yana ta ihu, wani kuma ya ce idan za ta canja sai ta yi fizga kamar an buge ta daga baya. Abin da ya haɗa su duka shi ne, da zarar rana ta ɗaga motar ta yi zafi, sai matsalar ta ragu ko ta ɓace gaba ɗaya. A Jos da tsaunin Mambila sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 10, a yankin Ayar da Bilma na Nijar kuwa yakan kusanci sifili, kuma wannan ya isa ya tona asirin duk wani rauni da giyabos ke ɓoyewa a lokacin bazara.

Mafi yawan waɗannan matsaloli ba sa bukatar a sauke giyabos. Abin da suke bukata shi ne a bi bincike daki-daki, a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a ƙare da abin da ke ci, kuma kada a yarda a tsallaka mataki don kawai wani ya saurari ƙarar motar ya yanke hukunci.

Abin da sanyi ke yi wa giyar otomatik

Giyar otomatik da matsin mai take aiki. Famfon da ke gaban giyabos yana zuƙo mai daga kaskon da ke ƙasa ta cikin matata, ya tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa bawuloli, su kuma su kai shi ga kulocin da ya kamata ya kama a wannan lokaci. Idan man ya yi sanyi yakan yi kauri, kamar yadda manja ke yi a cikin kwalba da safiyar hunturu, don haka yakan ɗauki lokaci kafin ya ratsa waɗannan hanyoyi, kuma robobin da ke tare matsin suna ƙanƙancewa su yi tauri. An ƙera man ne ya yi aiki sosai a zafin da ya kai kimanin digiri 70 zuwa 90.

Abu na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba, shi ne ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa ta, da kanta take jinkirta canjin giya idan injin bai yi zafi ba. Tana yin haka da gangan domin injin ya yi saurin ɗumama, kuma tana hana tok-kwanbata (na'urar da ke haɗa injin da giyabos ta hanyar mai) kullewa, a wasu motocin ma tana hana shiga giya ta ƙarshe. A tsofaffin motocin Toyota masu giyabos A340, alal misali, motar ba ta shiga giya ta huɗu sai ruwan injin ya kai wajen digiri 60. Saboda haka, idan motarka tana riƙe giya na tsawon kilomita uku ko biyar da safe, sannan ta saki ta ci gaba da tafiya lafiya, babu abin da ya lalace, aikinta take yi.

Mataki na farko: tantance ainihin alamar

Kafin a taɓa komai, sai ka ware safiya ɗaya ka lura da motar bayan ta kwana a waje. Ka tayar da ita, ka ba ta kamar minti ɗaya, ka taka burki, ka kai sandar giya zuwa D, ka ƙirga daƙiƙun da ta ɗauka kafin ka ji ta kama. Ka dawo N, ka jira kaɗan, ka yi haka da R. A littattafan gyara na Toyota, giyabos mai lafiya da ya yi zafi bai kamata ya wuce daƙiƙa 1.2 daga N zuwa D ba, ko daƙiƙa 1.5 daga N zuwa R. Da sanyi ana yi masa uzurin ɗan ƙari, amma jinkirin daƙiƙa huɗu ko biyar alama ce ta matsala.

Bayan haka ka hau hanya a hankali, idonka a kan allurar da ke nuna juyawar injin. Akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin giyar da ta ƙi canzawa da giyar da ke sulɓewa. A ta farko, injin da tayoyi suna tafiya tare, sai dai motar ta daɗe a ƙaramar giya. A ta biyu, allurar tana tsalle sama a tsakanin giya da giya alhali gudun motar bai ƙaru ba, wato kulocin bai kama da wuri ba. Ta farko galibi daga ƙwaƙwalwa ko na'urorin awo take fitowa, ta biyu kuma daga ƙarancin matsin mai. Ka kuma lura da abin da allurar zafin injin ke yi a daidai lokacin da matsalar ta gushe, domin wannan bayani shi ne zai fi taimaka wa bakanike.

Mataki na biyu: ƙananan abubuwa

Ka duba maɓallan da ke kusa da sandar giya da fitilun dashbod. Maɓallin jan kaya mai nauyi, da wanda aka rubuta wa ECT PWR a motocin Toyota, da na kashe giya ta ƙarshe, duk suna sa mota ta daɗe a ƙaramar giya, kuma yaro ko mai wankin mota yana iya danna su ba da sani ba. A motoci masu jan taya huɗu, ka tabbata ba a bar ta a 4L, wato ƙaramar giyar jan taya huɗu, ba.

Idan kuwa sandar ce ta ƙi fita daga P, ka sa wani ya tsaya a baya ka taka burki. Idan fitilun burki ba su kama ba, laifin na makunnin da ke saman fedar burki ne ko fiyus ɗinsa, domin da shi ake sakin makullin sandar. Idan sandar tana motsi amma da ƙyar, a duba kebur ɗin da ya tashi daga ita zuwa giyabos, saboda tsohon giris da ƙurar hunturu suna haɗuwa su daskare a cikinsa.

Mataki na uku: tamostat da zafin injin

A ƙasashenmu wannan shi ne wurin da ya kamata a fi tsayawa. Al'ada ce da ta yi ƙarfi a gareji cewa da zarar mota ta sauka daga jirgi ko ta shigo daga Kwatano, sai a cire mata tamostat, wai an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara. Wasu ma sukan ƙara da ɗaure fankar injin ta riƙa juyawa da cikakken ƙarfi koyaushe. Wannan kuskure ne a kowane yanayi, amma a hunturu ne illarsa ke fitowa fili. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin injin har sai ya kai zafin da aka tsara, wanda a yawancin waɗannan motoci yake tsakanin digiri 80 da 90, sannan ya buɗe ya sake shi zuwa lagireto. Idan babu shi, ruwan yana zagayawa ta lagireto tun daga tayarwa, kuma a kan babbar hanya da asuba, inda iska mai sanyi ke dukan gaban motar, injin yana iya yin tafiyar awa guda bai kai zafin da ƙwaƙwalwa ke jira ba.

Sakamakon haka shi ne ƙwaƙwalwar tana ci gaba da ɗaukar cewa motar ba ta gama ɗumama ba, sai ta hana giya ta ƙarshe ko ta hana tok-kwanbata kullewa, motar ta riƙa kuka tana shan mai. Alamar da ke tabbatar da wannan tana da ban mamaki ga wanda bai san dalili ba: a cikin gari, inda ake tafiya a hankali ana tsayawa, giyar tana canzawa daidai, amma da an fita hanyar Zariya ko ta Bauchi aka ɗauki gudu, sai allurar zafi ta faɗi ƙasa, giyar kuma ta sauko. Motocin Hilux masu injin dizal sun fi fama da wannan, domin dama dizal ba ya saurin yin zafi idan ba a ɗora masa nauyi ba.

Gwajin ba shi da wuya. Ka tayar da motar da sanyi, ka riƙe babban tiyon da ya haɗa injin da saman lagireto, kana kiyaye hannunka da rigarka daga fanka da bel. Idan tamostat yana nan kuma yana aiki, tiyon zai zauna da sanyi na wasu mintuna, sannan ya ɗauki zafi cikin ɗan lokaci kaɗan sa'ad da tamostat ya buɗe. Idan kuwa ya fara ɗumama sannu a hankali tun daga mintin farko, to ko dai an cire shi ko ya maƙale a buɗe. A mayar da na asali mai lambar zafin da kamfani ya tsara, a cika ruwan da ya dace, a fitar da iska. Idan bayan an mayar da shi motar ta fara tafasa, ba tamostat ne ya jawo ba, akwai toshewar lagireto ko raunin famfon ruwa da cire shi ya daɗe yana rufewa, kuma wannan ne ya kamata a gyara.

Mataki na huɗu: man giya, yawansa da launinsa da irinsa

Mai yana ƙanƙancewa da sanyi ya kumbura da zafi. Giyabos da mansa ya ragu da rabin lita yana iya yin aiki lafiya a watan Afrilu, amma da safiyar Janairu man ya sauka ƙasa da bakin matata, famfo ya fara zuƙo iska. Alamarsa ita ce jinkirin kamawa, da kuma ficewar giya na ɗan lokaci idan an taka burki da ƙarfi ko an sha kwana.

A motar da ke da geji, wato ƙarfen da ake zarowa a duba yawan mai, a auna man a fili mai daidaito, bayan an yi tafiyar minti 15 zuwa 20, injin yana aiki, an ja burkin hannu. A bi da sandar giya ta kowane matsayi ana ɗan tsayawa, a dawo da ita P, a zaro gejin a goge da tsumma mai tsabta marar gashi, a mayar a sake zarowa. Man ya kamata ya tsaya a cikin alamar zafi da ke jikin gejin. Alamar sanyi da ke ƙasa don ƙiyasi kawai aka yi ta. Tsofaffin motocin Dodge Ram masu giyabos 46RE da 47RE a N ake auna su, ba a P ba, kuma wanda ya auna su a P zai ga mai ya cika alhali bai cika ba. Yawan mai ma matsala ne, domin sassan da ke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi.

Motoci da yawa na baya-bayan nan, kamar Tacoma mai injin V6 daga shekarar 2005, ba su da geji ko kaɗan. Ana zuba musu mai ta wani noti a gefen giyabos, a kuma daidaita shi ta wani notin ambaliya da ke jikin kasko, injin yana aiki, motar tana daidai a kan rami, man kuma yana cikin wani taƙaitaccen zafi da littafin motar ya ƙayyade, wanda a motocin Toyota yakan faɗa tsakanin digiri 35 da 55 gwargwadon samfuri. Bakaniken da ya buɗe notin ambaliya injin yana kashe, ko bayan doguwar tafiya da man ya kumbura, zai zubar da man da ya kamata ya zauna, ya sallame ka da giyabos mai ƙarancin mai. Idan matsalarka ta fara ne bayan juyen man giya na ƙarshe, a nan za ka fara zargi.

Ka ɗiga man a kan farar takarda. Ja mai haske ko ja mai ɗan duhu lafiya ne. Ruwan ƙasa yana nufin ya tsufa, a canja shi. Baƙi mai warin ƙuna yana nufin faiba, wato faya-fayan kulocin cikin giyabos, sun fara ƙonewa. Idan kuwa ya koma ruwan hoda mai kauri da hazo, ruwa ya shiga, kuma a daina tuƙa motar nan take, domin ruwa yana narkar da gam ɗin da ke riƙe faiba. Ruwa yana shiga ta hanya biyu: ko ta ƙofar numfashin giyabos lokacin da aka ratsa ambaliya da damina, wanda sau da yawa sai hunturu ake ganin illarsa, ko ta fashewar bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto. Motocin Nissan Frontier na shekarun 2005 zuwa 2010 sun yi suna da wannan matsala ta biyu.

Sai irin man. Babu wani abu wai shi man otomatik guda ɗaya da ke shiga kowace mota, duk da cewa haka ake sayar da shi a bakin titi. Sababbin Toyota suna shan WS, waɗanda suka gabace su kuma T-IV ko Dexron. F-150 mai giya shida yana shan Mercon LV, mai giya goma kuma Mercon ULV, wanda ya fi shi tsinkewa. Chevrolet Silverado na shekarun da suka biyo bayan 2006 mai giya huɗu ko shida yana shan Dexron VI, motocin Ram masu giyabos na Chrysler kuma ATF+4. An tsara WS da LV da ULV ne su zama marasa kauri, don haka idan aka zuba tsohon Dexron III a wurinsu, motar tana iya jurewa da rana, amma da sanyi canjin giya zai yi nauyi ya zo da fizga. Ana samun sunan man da ya dace a littafin motar, ko a jikin gejin, ko a kan notin zubawa. Jabun mai kuma ya yi yawa a kasuwa, saboda haka ya fi kyau a saya a wurin dila sananne, a duba hatimin murfi.

Idan za a canja, hanyar da ta fi aminci ga tsohuwar mota ita ce a buɗe notin ƙasa a zubar da abin da ya fito, yawanci lita uku zuwa huɗu daga cikin goma ko fiye da giyabos ke ɗauka, a auna shi, a mayar da sabo daidai gwargwado, sannan a daidaita. A maimaita bayan an yi tafiyar wasu ɗaruruwan kilomita, har sau biyu ko uku. Wanke giyabos da injin matsi ko da wani sinadari, musamman wanda ya daɗe ba a taɓa shi ba, yana iya tayar da dattin da ya kwanta ya kai shi cikin bawuloli.

Mataki na biyar: batir da wayoyi

Sanyi yana rage ƙarfin batir, kuma solonoyid ɗin da ke buɗe hanyoyin mai da lantarki suke aiki. A auna batir bayan motar ta kwana: cikakke yana nuna wajen bolt 12.6, wanda ya sauka ƙasa da 12.2 kuwa ya yi rauni. Idan injin yana aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7. Idan wuta ta faɗi sosai a lokacin tayarwa, ƙwaƙwalwar giya tana iya rikicewa ta kulle motar a giya ɗaya don kare ta, kuma alamar wannan ita ce idan ka kashe motar bayan ta yi ɗan caji ka sake tayarwa, sai komai ya daidaita. A wanke kawunan batir, a duba wayar da ta haɗa injin da bodi, a kuma zare babban soket ɗin da ke jikin giyabos a ga ko akwai tsatsa, ko ruwa, ko man giya da ya biyo cikinsa. A tuna cewa bayan cire batir, wasu motocin sukan manta yadda suka saba canja giya, su yi 'yan kwanaki suna fizga kafin su sake koyo.

Mataki na shida: sa motar a kwamfuta

Kusan duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga shekarar 1996 tana da soket ɗin OBD-II, wato inda ake jona na'urar bincike, a ƙarƙashin sitiyari, kuma yawancin a-kori-kurar da ke shigowa daga can suna cikin wannan rukuni. Sai dai ƙaramar na'ura mai arha sau da yawa injin kawai take karantawa. Idan ta nuna P0700, ma'anarsa kawai ita ce ƙwaƙwalwar giya tana da ƙorafi, kuma sai an sami na'urar da ke shiga ɓangaren giya kafin a ga ainihinsa. P0128 yana nufin ruwan injin bai kai zafin da ya kamata ba, wato batun tamostat. P0711, P0712 da P0713 suna nuni ga na'urar auna zafin man giya. P0715 da P0720 na na'urorin auna gudun shiga da na fita ne, P0730 zuwa P0734 suna cewa giyar tana sulɓewa ko ba ta shiga yadda aka umarce ta ba, P0741 na kullewar tok-kwanbata ne, P0751 da P0756 kuma na solonoyid ne. A rubuta lambobin kafin a goge su. Gogewa ba gyara ba ce, kuma bakaniken da ya goge ya karɓi kuɗi ya ce an gama bai yi komai ba.

Akwai gwaji ɗaya da ya fi karanta lambobi amfani a matsalar sanyi, kuma dole motar ta kwana a gareji kafin a yi shi. Da safe, a murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba, a duba abin da na'urori uku ke nunawa: zafin ruwan injin, zafin iskar da ke shiga, da zafin man giya. Tunda motar ta kwana a wuri ɗaya, dukansu ya kamata su yi kusa da juna, kuma kusa da zafin garin. Wadda ta bambanta da sauran da digiri goma ko fiye ita ce mai ƙarya. Idan aka ga digiri 40 ƙasa da sifili, wayar ta tsinke ko soket ya kwance. Daga nan a hau hanya da na'urar a haɗe, wani yana tuƙi wani yana kallo, a ga ko ƙwaƙwalwa ta ba da umarnin canja giya. Idan ba ta bayar ba, matsalar tana wajen abin da ake gaya mata, kuma a nan a haɗa da duba matatar iska da na'urar auna iska da ta totur, waɗanda ƙurar hunturu ke toshewa har ƙwaƙwalwa ta kasa gane nauyin da injin ke ɗauke da shi. Idan ta ba da umarni giyar ba ta bi ba, matsalar tana cikin giyabos.

Mataki na bakwai: kasko, matata da matsin mai

Jinkirin kamawa da safe yana da tushe biyu da ake rikitawa. Na farko shi ne man da ke cikin tok-kwanbata ya zurare ya koma kasko cikin dare, sai famfo ya sake cika shi kafin motar ta motsa. Ana gane shi da cewa sau ɗaya yake faruwa a tayarwar farko, kuma idan aka bar motar a N na rabin minti kafin a sa giya ba ya faruwa. Wannan ba ya kashe giyabos da wuri. Na biyu shi ne robobin kuloci sun tsufa sun yi tauri, suna sakin matsi har sai zafi ya tausasa su. Wannan yana maimaituwa duk lokacin da aka sa giya a mintunan farko, yana tafiya tare da sulɓewa, kuma kowace shekara yana ƙaruwa.

A sauke kasko a duba. Baƙin laka mai laushi a jikin maganaɗisun da ke ciki abu ne da aka saba gani. Ɓarɓashin ƙarfe mai walƙiya, ko gutsattsarin faiba masu kama da dusa, suna nufin ɓarna ta riga ta faru a ciki. A canja matata tare da robar wuyanta, a tabbata tsohuwar robar ba ta maƙale a rami ba, domin matatar da ba ta zauna daidai ba tana zuƙar iska, kuma da mai mai kauri abin ya fi tsananta. Kukan da ke fitowa daga gaban giyabos da sanyi, mai tashi da sauka tare da totur, sau da yawa alamar toshewar matata ce. Tunda kasko yana ƙasa, a auna solonoyid da mita a gwada da adadin da littafin gyara ya bayar.

Idan duk wannan bai warware ba, sai a ɗaura agogon auna matsi a ƙofar gwaji da ke jikin giyabos, a karanta da sanyi, a sake karantawa da zafi, a D da kuma a R. Matsin da ya yi ƙasa a kowane matsayi yana nuni ga famfo, ko matata, ko bawul mai daidaita matsi. Wanda ya faɗi a giya ɗaya kawai yana nuni ga yoyo a kulocin wannan giya. Idan matsin yana daidai amma canjin yana maƙalewa da sanyi, a sauke farantin bawuloli a wanke shi a wuri mai tsabta da babu ƙura, a lura da ƙananan ƙwallayen da ke ciki, domin ɓatan guda ɗaya ko sa shi a ramin da ba nasa ba ya isa ya hana mota ribas. Gwajin da wasu ke yi na taka burki da totur tare har ƙasa kada ya wuce daƙiƙa biyar, kuma kada a yi shi da sanyi ko a kan giyabos da aka riga aka san yana sulɓewa.

Kafin a kai ga gyara, da kuma idan gyaran ya zama dole

Yayin da ake wannan bincike, a riƙa ba motar minti ɗaya ko biyu da safe, a bi da sandar ta R da N da D ana taka burki, sannan a tashi a hankali, kada a ɗora mata kaya mai nauyi ko a taka totur da ƙarfi sai allurar zafi ta hau. Barin ta tana aiki a tsaye na rabin awa ba ya ɗumama man giya sosai, tafiya a hankali ce ke yin haka. Ga masu zama a Kanada ko arewacin Amurka, inda sanyi ke kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili, ana ƙarawa da na'urar ɗumama injin da ake haɗawa da wutar gida cikin dare.

Sauke giyabos yana zama dole ne idan man ya ƙone, an ga ɓarɓashi a kasko, matsi yana faɗuwa a wata giya, ko sulɓewar ta fara bayyana har bayan motar ta yi zafi. Idan faiba da robobi ne kawai suka gaji, sake ɗaura giyabos ɗin da sababbin kaya a hannun ƙwararre ya fi sayen na Beljiyam da ba a san tarihinsa ba. Wanda ya zaɓi na Beljiyam ya tabbata lambar samfuri da ke jikin giyabos ɗin ta yi daidai da ta tsohon, domin giyabos biyu suna iya kama da juna a ido amma su bambanta a soket, ko a yawan solonoyid, ko a kasancewar ɗaya na mai jan taya biyu ne ɗaya na mai huɗu. A buɗe kaskonsa a gaban mai sayarwa kafin a biya, a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce, kuma gwajin ya haɗa da tayarwar asuba bayan motar ta kwana. Kafin a ɗaura shi, a wanke bututun sanyaya mai da ke zuwa lagireto ko a canja lagireton gaba ɗaya idan tsohon giyabos ya zubar da ɓarɓashi ko ya sha ruwa, a tabbata tok-kwanbata ya zauna har ƙarshe a cikin famfo kafin a ɗaure notina, sannan a sa kwamfuta a goge abin da ƙwaƙwalwa ta koya daga tsohon giyabos domin ta fara koyon sabon daga tushe.